Tambayoyi da amsoshi ga sabon shiga da ke shirya karaban don doguwar tafiya

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi min tun da na fara jan karaban, wasu an maimaita min su ya fi sau goma, shi ya sa na ce bari in tara su waje ɗaya. Za ka ga maganar nauyi ta cinye kaso mai tsoka na amsoshin, da gangan na yi haka, don a nan ne na ga sabbin shiga suna faɗawa wahala, ana can ana zaɓen labule da fitilu masu kyau amma ba a taɓa ɗora karaban ɗin a sikeli ba.

Wai mece ce karaban, ita ce motar nan da ake kwana a ciki?

A'a, ba ita ba ce. Karaban ɗaki ne mai tayoyi, da gado da wurin girki, wasu har da banɗaki, amma ba ta da inji, mota ce ke jan ta kamar yadda ake jan tirela. Waccan mai inji a jikinta daban take. Amfanin karaban shi ne in ka isa masauki sai ka kwance ta ka bar ta nan, ka ɗauki motarka ka shiga gari. Kalmar ma asalinta daga Farisanci take, ma'anarta ayari. Karaban ta farko da aka ƙera don yawon shaƙatawa a Ingila aka yi ta a 1885, wani likita Gordon Stables ne ya sa aka ƙera masa, kuma dawakai ne ke jan ta.

Motata za ta iya jan ta kuwa?

Kar ka tambayi mai sayar da karaban wannan tambayar, littafin motarka za ka tambaya. A ciki akwai iyakar nauyin da kamfani ya yarda motar ta ja, kuma lamba biyu ce, ɗaya ta tirela mai birki ɗaya ta marar birki, ta mai birkin ce ta shafe ka. Sannan akwai jimillar nauyin mota da tirela a haɗe wanda ba a so a wuce, a motocin Turai za ka same shi a ɗan allon ƙarfen nan da ke jikin ƙofa ko cikin bonet, shi ne lamba ta biyu.

Ita ma karaban ɗin tana da nata allon, yawanci kusa da ƙofa ko a ƙarfen gaba. A Turai za ka ga an rubuta MTPLM, a Ostareliya ATM, a Amurka GVWR, duk dai magana ɗaya ce, iyakar nauyinta in an cika ta da kaya. Da wannan lambar za ka yi lissafi, ba da nauyinta tana wayam ba.

Toh amma don littafi ya ce motarka za ta ja kilo 1,800 ba shi ke nufin za ka ji daɗin jan 1,800 ba. Ƙungiyoyin masu karaban na Birtaniya suna ba sabon shiga shawarar kar nauyin karaban a cike ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar tana wayam. Shawara ce ba doka ba, amma ni na yarda da ita sosai. Misali motarka kilo 1,600 ce, ka nemi karaban da ba ta wuce 1,360 ba. Dalili kuwa a fili yake, in abin da ke bayanka ya kusa kai nauyinka, ranar da iska ta buge shi ko ka taka birki a gangara, shi ne zai riƙa juya ka ba kai za ka juya shi ba.

Kaya nawa zan iya zubawa a ciki?

Kaɗan ne fiye da yadda kake tsammani, wallahi. Ka cire nauyinta tana wayam daga iyakar nauyin da ke jikin allo, abin da ya rage shi ne rabonka, kuma a karaban da yawa na Turai bai fi kilo 150 zuwa 200 ba. Ka ga kabad-kabad ko'ina, ƙarƙashin gado fili guda, sai ka ɗauka duk an yi su ne don ka cika, alhali in ka cika su ka wuce iyaka tun tuni.

Bari mu ƙirga. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, jarka mai lita 40 ta ci kilo 40 kenan. Batir irin na dalma mai 100Ah wajen kilo 25. Tukunyar gas ta ƙarfe ita kanta nauyinta ya kai na gas ɗin da ke ciki ko ya ɗara. Rumfar da ake kafawa a gefe da sandunanta ta kan kai kilo 20 zuwa 30. Ka ga an cinye sama da ɗari, ba ka sa tukunyar girki ko ɗaya ba, ba ka sa bargo ba, ba ka sa kayan sawa ba.

Ni karon farko da na hau sikelin manyan motoci na je ne da tabbacin ina ƙasa da iyaka, don na yi lissafi a takarda har sau biyu. Mai sikelin ya miƙo min 'yar takardar ta taga, na duba na ga na wuce da kusan kilo 90. Na koma gida na fito da komai na baje a tsakar gida, ina ɗora su ɗaya bayan ɗaya kan ƙaramin sikelin auna mutum ina rubutawa, sai ga shi akwatin kayan gyara kaɗai kilo 18, littattafai kilo 11, faranti da kofuna na tangaran na mutum takwas alhali mu biyu ne. Tun ranar duk abin da zai shiga sai an auna shi an rubuta, kuma duk abin da ya yi wata biyu ba a taɓa shi ba fita yake. Ka je sikeli da karaban ɗinka a cike yadda za ka tafi da ita, kafin ranar tafiya da sati guda aƙalla, don ka samu lokacin ragewa.

Me zai faru in ka wuce? Tayoyi su yi zafi su fashe, birki ya gaza, boris ya ci, sannan in aka yi hatsari kamfanin inshora na iya ƙin biya saboda ka ɗauki abin da ya fi ƙa'ida.

Akwai bambanci ne a inda na ajiye kayan?

Babba ma. Masu nauyi a ƙasa, a kan aksil, wato daidai saman tayoyi. Masu matsakaicin nauyi a ƙasa nan kusa da su. Kabad na sama na tufafi ne da tawul da abubuwa marasa nauyi. Abin da ba a yi shi ne tara nauyi a can ƙarshen baya, keke biyu a wutsiya ko janareta ko jarkokin ruwa, don shi ke sa ta riƙa kaɗa wutsiya. Wasu in gaba ya yi nauyi sai su kai wani abu mai nauyi can baya wai don ya daidaita, sikeli zai nuna daidai amma a kan titi ka ƙara wa kanka matsala ne, nauyi biyu a bakin gaba da bakin baya sun fi saurin jawo lilo.

Sai nauyin da ke sauka kan ƙwallon ja na bayan mota. A Turai ana so ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin karaban a cike, in kilo 1,300 ce kenan tsakanin 65 da 91. A Ostareliya da Amurka ginin nasu daban ne, wajen kashi 10 ko sama ake nema. Kowanne dai kar ya wuce iyakar da aka rubuta wa ƙwallon motarka. In ya yi kaɗan karaban ta yi layi, wato ta riƙa kaɗawa hagu da dama, in ya yi yawa bayan mota ya zauna gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilunka su riƙa haska idon masu tahowa.

Auna shi ba wuya. A wuri mai shimfiɗe, ka ja birkin hannu, ka ɗage ƙafafun kusurwa, wato ƙarafan nan huɗu da ke tokare karaban in tana tsaye, ka ajiye sikelin auna mutum a ƙasa ka ɗora faffaɗan katako a kai, ka yanko sanda da za ta sa bakin karaban, wato inda ke kama ƙwallon, ya tsaya daidai tsayin ƙwallon motarka, ka sa ta tsakani, sai ka riƙa naɗe ƙaramar tayar gaba a hankali har ta bar ƙasa. Abin da sikeli ya nuna shi ne.

In ta fara layi a kan titi fa, me zan yi?

Ka ɗauke ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari miƙe da hannu biyu, ka bar gudu ya ragu da kansa. Kar ka danna birki da ƙarfi, kar ka yi ƙoƙarin bin ta da sitiyari don kullum za ka makara ka ƙara mata, kuma maganar nan da wasu ke yi wai ka ƙara wuta ta miƙe, ka manta da ita. In naka irin birkin lantarki ne mai makunni a gaban direba, za ka iya matsa birkin karaban kaɗai a hankali, yana janyo ta ta miƙe.

Yawanci abu uku ke kawo shi, gudu, gangara, da iskar babbar mota in ta zo wuce ka. In ka hango tirela a madubi tana tahowa ka ɗan matsa gefe ka ba ta fili ka sassauta tun kafin ta iso. Kuma in ta taɓa yi maka sau ɗaya ka tsaya ka duba yadda ka jera kaya da iskar taya, ba banza ta yi ba.

Sabuwa zan saya ko ta hannu?

Ga sabon shiga ni ta hannu nake ba da shawara, don sai ka zauna a ciki wata da watanni kafin ka san irin tsarin da ya dace da kai. Amma fa ka kiyayi danshi, shi ne ciwon da ke kashe karaban. Ruwa na shiga ta gam ɗin da ya tsufa a gefen taga, ta saman rufi, ta inda bango ya haɗu da rufi, ya ci katakon ciki a ɓoye shekara da shekaru waje kuma fes.

In ka je dubawa, hancinka ne kayan aiki na farko. Ka buɗe ƙofa ka tsaya ka shaƙa, in ka ji warin fumfuna ko kuma ka ji an fesa turare da yawa, ka sa alamar tambaya. Ka buɗe kabad na sama ka sa kai ciki. Ka danna bango da babban yatsa a ƙarƙashin kowace taga da cikin kusurwoyi, in ya lotsa kamar burodi an gama. Na taɓa ganin wata mai kyau kamar ka lashe, na ɗaga katifar gaba na danna bangon ƙasan taga yatsana ya nutse, takardar bangon ta yi kumburi da ɗige-ɗige baƙi, na gode wa mai ita na tafi. Ka taka ƙasa ko'ina ka ji ko yana motsi. Akwai 'yar na'urar auna danshi da ake tokarawa a bango, ƙasa da kashi 15 lafiya lau, in ya haura 20 sai an bincika. Ka leƙa ƙarƙashi da tocila ka ga shasi ko ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe, sannan ka tabbatar lambar shasi ta yi daidai da ta takardu.

Tayoyin suna da zane sosai, sai na canza su?

Tayar karaban ba cinyewa take yi ba, tsufa take yi. Tana tsaye waje ɗaya wata da watanni cikin rana, roba ta bushe ta tsattsage zanen kuma yana nan kamar sabo. Ka duba gefen taya inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekarar da aka ƙera ta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a canza in ta kai shekara 5, kar dai ta wuce 7 ko da ba ta yi tafiya ba. Safaya ma haka.

Iska a auna ta da safe taya na sanyi, kuma ta karaban ta kan fi ta mota yawa, a bi abin da littafinta ya ce. Duk lokacin da aka kwance taya aka mayar, ka tsaya bayan kamar kilomita 50 ka sake ɗaure notina da sifana mai auna ƙarfi, don suna saki. Kafin doguwar tafiya makanike ya buɗe birki da boris ya gani. Ni duk tsayawar da na yi sai na zagaya na kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowace taya, in ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai akwai magana.

Yaya ake haɗa ta da mota ba tare da an manta wani abu ba?

Ka rubuta jerin abubuwan a takarda ka manna a bayan ƙofa, ka bi shi kullum a tsari ɗaya, kuma in kana yi kar ka bari kowa ya ja ka da hira, in an katse ka ka koma farko. Daga ciki: tagogi da murfin rufi a kulle, kabad da firji a datse, gas a rufe tun daga tukunya, wayar wutar masauki a cire. Daga waje: ƙafafun kusurwa huɗu a naɗe, bakin karaban ya zauna kan ƙwallo har ka ji ya ce ƙwas.

Kar ka yarda da ƙarar kawai. Ka sake murza ƙaramar tayar gaba ƙasa har ka ga bayan motar ya fara ɗagawa, wannan ne ke nuna ta kama da gaske. Daga nan ka naɗe tayar ka ɗaure ta tamau, ka maƙala siririyar wayar ƙarfen nan wadda in karaban ta ɓalle za ta fizgi birkinta ta tsaya, ka bar mata ɗan sassauci don kwana amma kar ta ja ƙasa. Ka jona wayar fitilu, wani ya tsaya a baya ya ga fitilar birki da sigina hagu da dama, ka sauke birkin hannu, ka cire waigi. Wani abu kuma, in bakin karaban ɗinka irin mai matse ƙwallo ne don hana layi, kamar na kamfanin AL-KO, ba a shafa wa ƙwallon giris, a bushe ake son sa babu fenti.

Lasisina na mota ya isa? Kuma gudu nawa aka yarda?

Ya danganta da ƙasa, kuma in za ka tsallaka iyaka dokar inda kake ce ke kanka. A Tarayyar Turai lasisin B, wato na ƙaramar mota, ya ishe ka in mota da karaban a haɗe ba su wuce kilo 3,500 ba, lasisin B96 na kai ka 4,250, sama da haka sai lasisin BE. A Birtaniya tun Disamba 2021 mai lasisin mota na iya jan tirela har kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ba. Gudu kuma a Birtaniya mil 60 ne a babbar hanya, 50 a hanya mai hannu biyu da ba a raba ba, a Jamus kilomita 80 sai in an ba ka shaidar izinin 100. Madubin gefe mai tsawo da ake ɗaurawa kan na mota shi ma dole ne in karaban ta fi motar faɗi.

Ribas ne ke ba ni tsoro.

Kowa ma haka ya fara. Ka sa hannu ɗaya a ƙasan sitiyari, inda ka kai hannun nan bayan karaban zai nufa. Kaɗan-kaɗan ake murzawa, tafiya kamar ta hawainiya, in ta karye da yawa kar ka yi ta kokawa, ka ja gaba ka miƙe ka sake. Ka samu fili babu kowa ka jera jarkoki ka yi ta yi awa biyu, ranar uku za ka ga bambanci. Mai duba maka baya ya tsaya inda kake ganin sa a madubi, in ya ɓace ka tsaya cak. A kwana kuma ka buɗe ta fiye da yadda ka saba don tayar karaban tana yanke ciki, a gangara mai tsawo ka sauko da giya inji ya riƙe, kar ka zauna kan birki har ya yi zafi.

Batir nawa da sola nawa nake buƙata?

Ka fara lissafa abin da kake ci a rana tukuna. Batir mai 100Ah a bolt 12 yana ɗauke da wajen 1,200Wh (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da ake ajiyewa ko ake ci), amma in na dalma ne rabi kawai ake so ka taɓa, 600 kenan, in kana zuƙe shi ƙasa da haka kullum ba zai daɗe ba. A cike yana nuna wajen bolt 12.7 a mitar gwada wuta, in ya huta ya nuna 12.2 ya kai rabi. Na litiyom ya fi sauƙin nauyi kuma kana iya cin kashi 80 ko fiye, sai dai ya fi tsada kuma ba a cajinsa in sanyi ya kai ƙasa da sifiri. Cajin waya bai fi 15Wh ba, laftof wajen 60, fitilun LED ba sa cin komai, firji mai kwamfireso ne babban mai ci. Allon sola mai wat 100 a rana mai kyau yana ba da tsakanin 300 da 500Wh, in hadari ya rufe ko ka faka a inuwa sai ya faɗi ƙasa warwas.

Duk abin da ke yin zafi ka raba shi da batir. Butar lantarki mai wat 2,000 in ka bi da ita ta inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, tana jan sama da amfiya 160 daga batir, wayar da ba ta kai ba narkewa za ta yi. Ka dafa ruwa da gas. Kuma fiyus a kusa da kan batir ba abin wasa ba ne, in ba ka san aikin wuta ba ka kira wanda ya sani.

AC fa?

Sai in kana masauki mai wuta ko kana da janareta. Da batir ɗaya da sola ɗaya ba zai yi ba. Fanka mai bolt 12, inuwa, da buɗe murfin rufi da dare su ne na yau da kullum.

Gas a cikin ɗan ƙaramin ɗaki haka, ba hatsari?

Akwai, shi ya sa nake so ka karanta wannan da kyau. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, shi ya sa aka huda ramuka a ƙasan akwatin tukunyar gas da ƙarƙashin murhu don ya fice. Mutane na toshe su wai sanyi ko ƙura na shigowa, don Allah kar ka toshe. Tiyo yana da kwanan wata a jikinsa, in ya tsufa ko ya tsattsage a canza. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi, in ya yi kumfa akwai yoyo, ba a gwadawa da ashana. Tukunyar gas a tsaye a ɗaure, a rufe lokacin tafiya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kabon monoksaid, gas mai guba da ke fitowa in ana ƙona gas ko gawayi ko mai, ba shi da wari ba shi da launi, farkonsa ciwon kai da jiri da tashin zuciya, in kana barci kuwa ba za ka ji komai ba. Ka sa na'urar da ke ƙara in ta ji shi, da ta hayaƙi, ka riƙa gwada su. Ba a ɗumama ɗaki da murhun girki, ba a shigo da kaskon gawayi ciki ko cikin rumfa ko da ka ga kamar ya mutu, janareta kuma nesa da taga. Tukunyar kashe gobara da bargon kashe wuta su zauna kusa da ƙofa. In za ka ƙasar sanyi ka nemi gas irin furofen, don gas irin butan yana daina fita in sanyi ya kai wajen sifiri.

Firjina ba ya sanyi, ya lalace ne?

Wataƙila lafiyarsa ƙalau. Firjin karaban da yawa irin mai hanya uku ne, gas da wutar masauki da bolt 12, ba shi da kwamfireso, kuma sai yana zaune daidai yake aiki. In karaban ta karkata sai ka ga ba sanyi. Ka ajiye ma'aunin magina mai kumfa a ƙasa, gefe da gefe a gyara da hawa kan katako, gaba da baya da ƙaramar tayar gaba. Ƙafafun kusurwa na tokarewa ne kawai, ba jak ba ne, in ka ɗaga karaban da su za ka murɗa ƙasanta. Ka kunna firjin tun daren jajibirin tafiya, don a kan bolt 12 riƙe sanyi kawai yake yi. A wuri mai tsananin zafi yana wahala, nan mai kwamfireso ya fi.

Ruwa da banɗaki fa?

Tiyon ruwan sha daban, irin wanda aka yi don abinci, kar ya taɓa haɗuwa da na wanke masai. Ruwan da ya daɗe a tanki cikin ɗumi ƙwayoyin cuta na yaɗuwa a ciki, don haka in ta yi kwanaki a ajiye ka zubar ka wanke tanki da maganin da aka yi don haka. Ni ba na tafiya da tanki a cike sai in na san babu ruwa a gaba. Masai ɗin akwati ne da ake zarowa ta waje, mutum biyu kwana biyu zuwa uku ya cika, kuma a wurin da aka tanada kawai ake zubarwa, ruwan wanke-wanke ma ba a sakin sa a ƙasa inda wani zai zo ya sauka bayanka.

Da safe tagogi duk sun jiƙe, yoyo ne?

Galibi numfashinku ne da tururin girki. Ku bar murfin rufi a ɗan buɗe ko da ana sanyi, ku rufe tukunyar girki da murfi in ana dafuwa, kar a shanya jiƙaƙƙen kaya a ciki, a goge tagogi da safe, katifa kuma a riƙa ɗaga ta ta sha iska don ƙarƙashinta ne fumfuna ke fara kamawa.

Yara za su iya zama a ciki muna tafiya?

A'a. Kowa cikin mota da bel.

Wane kayan gyara zan riƙe, kuma inshora fa?

Jak da ya dace da karaban, sifanar taya, ma'aunin iska da famfo, waigi, fiyus da ƙwan fitila na canji, mita ta gwada wuta, gam na toshe yoyo, salatif mai ƙarfi, sukundireba da filaya, tocila, akwatin taimakon gaggawa. Ya isa, kar ka kwashi gareji guda. Inshora kuwa ka karanta takardar da kanka, wasu suna da iyakar kwanakin da za ka yi a wata ƙasa, wasu ba su yarda a mayar da karaban gidan zama ba, kuma ka tambaya ko masu janwe ɗin da ka yi rajista da su za su ɗauki karaban ɗin ita ma in motar ta mutu, don akwai waɗanda mota kawai suke ɗauka. Takardu ka ɗauki hotonsu a waya, magungunan da kake sha kullum ka riƙe na isassun kwanaki.

Na gama shiri, in kama hanya kawai?

Tukuna. Ka fara kwana biyu a ciki a ƙofar gida, ka yi girki, ka yi wanka, ka ga batir ya kai safe ko bai kai ba. Sannan ka je wuri mai nisan awa ɗaya ka yi kwana uku, bayan nan sati guda a ɗan nesa. Ka riƙe takarda biyu, ɗaya ta abin da ka nema ba ka samu ba, ɗaya ta abin da ka ɗauko ba ka taɓa ba, za ka ga ta biyun ta fi tsawo.

In tafiyar ta fara, kilomita 250 zuwa 300 a rana ya ishi sabon shiga, jan karaban na gajiyarwa fiye da tuƙin mota kawai, mai ma za ta sha fiye da yadda ka saba don haka kar ka bari tanki ya sauka ƙasa da kwata. Ka huta duk bayan awa biyu, ka rubuta tsayi da faɗin karaban ka manna a gaban sitiyari saboda gadoji da ƙananan hanyoyi, kuma ka lissafa ka isa masauki da sauran rana, don ribas na farko a baƙon wuri cikin duhu da gajiya ba ƙaramin aiki ba ne.